Rasuwar Littafin Jagora Mai Shafi Casa'in da Huɗu

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki da wata kunya da na rasa inda zan ajiye ta, ni Da'u Abdulmuttalib, sakataren ƙungiyar manoman gyaɗa ta Balan da ke yankin Gaya, nake sanar da rasuwar Littafin Jagora. Ya cika ranar Talata da hantsi a ofishinmu, yana da shafi casa'in da huɗu a duniya.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, bara ne wani kamfani ya kawo mana manhajar jadawali, irin mai gida-gidan nan da ake jera sunaye, tare da wakilin AI, wato inji mai ƙirƙirarriyar basira, da zai riƙa yi mana aiki a cikinta. Marigayi shi ne malamin wakilin. Abin da ya rubuta shi wakili yake bi, mu ma a wajensa ya kamata mu san abin da wakili zai iya da wanda ba zai iya ba.

Marigayi mai cikar kamala ne. Bangonsa na sheƙi, Turancinsa ba gargada. Ya ɓata shafi goma sha ɗaya wajen bayanin faɗaɗa gida da tsuke shi. Har yanzu ina jin muryarsa a ƙarshen kowane babi: "Sauran a bayyane yake." Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsa komai.

Da kamfani ya ce mu auna ingancinsa mu ba shi maki, mu uku muka zauna. Shugabanmu Baffa Ɗantani ya ɗaga shi ya ji nauyi, ya ce, "Wannan ai ba ƙaramin malami ya rubuta ba." Ma'aji ya shinshina takardar. Ni na karanta shafi uku, na duba hotuna. Muka ba shi tara cikin goma, ɗayan ma mun rage ne don kada a ce ba mu duba ba.

Ciwon ajali ya fara ne da rabon irin gyaɗa. Muna da Hansai Garba guda uku a ƙungiya, kowa ya san su da laƙabinsu. Amma ni ba zan rubuta laƙabin dattijuwa sa'ar mahaifiyata a takardar ofis ba, ba haka aka rene ni ba. Sai na shafa wa kowacce launi: ɗaya kore, ɗaya rawaya, Hansai ta bakin rijiya ja. Na ce wa wakili ya gyara jerin ya tura wa masu kawo iri.

Ashe wakili ba ya ganin launi. Marigayi ya san haka ko bai sani ba, bai faɗa ba a ko'ina. Abin da ya faɗa, a shafi na sittin da ɗaya inda ban taɓa kaiwa ba, shi ne in suna ya maimaitu a bar na farko a share saura. Wakili ya bi malaminsa sau da ƙafa, har ya rubuto mini cewa aiki ya kammala cikin nasara. Buhuna suka iso Gaya babu na mutum biyu.

Ta rawaya 'ya'yanta sun rufa mata asiri. Ta bakin rijiya kuwa ta riga ta matse gyaɗar da ta ajiye ta yi ƙuli, saboda ni da bakina na ce mata kada ta damu, irinta na tafe. Ruwan shuka ya sauka. Ta zo ofis ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Ɗan nan, an ce injinku ya ce babu ni. To ga ni." Na buɗe marigayi ina neman amsa, shafi bayan shafi, har ya rabu biyu a hannuna. Nan ya cika.

Ya bar wakilin AI, wanda yake cikin ƙoshin lafiya kuma ko a jikinsa. Ya bar alƙalai uku da ba sa iya haɗa ido. Ya bar kamfani, wanda ya aiko ta'aziyya da albishir cewa sabon bugu zai kai shafi ɗari da ashirin. Na ji zafin rashinsa, amma na fi jin zafin sa hannuna da ke ƙarƙashin taran nan.

Za a yi jana'iza gobe bayan sallar asuba a gonar Hansai ta bakin rijiya, wadda ita kaɗai ce ba a shuka ba a layin. Ba za a shimfiɗa tabarma ba. Duk mai ta'aziyya ya zo da fartanya da kwano ɗaya na irin gyaɗa. Mu ukun da muka ba da maki kwano tara-tara ne a kanmu, Hansai ce ta yanke, kuma ta ce da hannunta za ta auna.