Dakta Saura-Ƙiris da Kaset Marar Lamba

Duk wanda bai ga Malam Ilu Barau a daminar 1977 ba, to bai taɓa ganin ilimi yana tafiya da ƙafa biyu ba. Ƙasar Gumel ta fitar da malamai da attajirai da gwanayen noma, amma ba ta taɓa fitar da mutumin da ya yi wata tara cur a Ingila yana koyon yadda harshe ke motsi a cikin baki ba, sai shi. Ya tafi neman digirin dakta, ya dawo da laima da lofe da wata kwat mai gashi wadda yake sawa ko da rana na tafasa ƙwaƙwalwa. Digirin ne kawai bai biyo shi ba. In an tambaye shi sai ya ce saura ƙiris. Shekara uku yana faɗin haka, har ɗalibansa na jami'a suka ga bai dace a bar bawan Allah babu laƙabi ba, suka naɗa shi Dakta Saura-Ƙiris. Shi rabin farko kawai kunnensa yake ji, kuma yana amsawa.

Kimiyyar harshe yake koyarwa, kuma wajen ba da maki babu mai adalci kamarsa, domin kowa ƙuntata masa yake yi daidai wa daida. Bai taɓa ba ɗalibi abin da ya wuce hamsin da biyu ba. Dalili kuwa mai ƙarfi ne: shi kansa hamsin da uku ya samu a Ingila, kuma a ganinsa rashin tarbiyya ne yaro ya tsallake malaminsa. Yana ba da rabin maki, yana ba da rubu'i, akwai wadda ya taɓa ba sudusi. In ka rubuta masa shafi biyu, zai mayar maka da sharhin shafi huɗu da jan biro, rabinsa labarin wani ɗakin karatu ne da ya taɓa zama a ciki ana yayyafi.

A wannan daminar ce jami'a ta ba shi mota da direba da ɗalibai goma sha biyu, ya kawo su ƙasarsa ta haihuwa su yi bincike. Aka sauke su a wata firamare a Gumel, maza aji ɗaya, mata aji ɗaya, shi kuma ofishin hedimasta. Washegari ya tara su a ƙarƙashin darbejiya, ya cire lofe daga bakinsa, ya yi jawabi.

"Aikinku ƙalilan ne. Kowa zai nemi dattijo guda, ya ɗauko kalmomi ɗari biyar daga bakinsa a kaset. Sannan ya rubuta kowace kalma sau uku, da boko, da ajami, da baƙaƙen masana. Sannan ya zana mini hoton inda harshen dattijon yake a lokacin da ya faɗe ta. Kwana goma na ba ku. Mu a Ingila kafin shayin la'asar muke gama irin wannan."

Baƙaƙen masanan nan kuwa, in ka gan su, sai ka rantse tururuwa ce ta faɗa cikin tawada ta fito tana neman hanyar gida. Rikoda uku ne tsakanin mutum goma sha biyu. Dattawan duk suna gona, don lokacin noman farko ne, saboda haka ɗaliban jami'a suka koma bin tsofaffi kunya kunya da makirfo, suna roƙon a ce musu "gwiwa" sau uku. Kafin mako ya zagayo kowa ya rame ya yi baƙi, ban da Dakta, wanda ya ƙara kumatu.

Ranar kasuwa ya kai su Maigatari don su ga yadda gwani yake aiki. Ya tare wani dillalin raguna mai suna Dogo, mutumin Damagaram, ya sa shi ya hangame baki, ya zura masa ɗan madubi yana leƙawa, yana kiran ɗalibai ɗaya bayan ɗaya su zo su ga ganɗa. Dogo ya yi haƙuri har aka gama. Da aka zare madubin sai ya tofar da yawu, ya tambayi direba a hankali ko shi ma sayen sa za a yi, tunda an duba haƙora. Dakta ya sa aka rubuta cewa mutanen kan iyaka suna da matuƙar sha'awar kimiyya.

To a cikin ɗaliban akwai Haladu Sajo, Bafulatani daga wata ruga kusa da Ɗanzomo, mutum na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a. Bara ya faɗi wannan darasi da rabin maki. Bana in bai kai arba'in ba sallamarsa za a yi, ya koma rugar da aka raka shi har bakin titi da addu'a. Wannan tsoro ya sa ya yi aikin da babu wanda ya yi irinsa. Ya zaɓi goggonsa Yelwa, tsohuwa mai Fulatanci da Hausa, ya cika kalmomi ɗari biyar cif, ya zana harshenta sau ɗari biyar, har ya fi sanin cikin bakinta a kan tafin hannunsa.

Gurbi biyu kawai ya bari a shafin farko, inda aka ce a rubuta sunan mijin mai ba da bayani da sunan ɗanta na fari. Haladu ya san sunayen sarai, amma dokar Dakta ita ce ba a rubuta komai sai an ji shi a kaset daga bakin mai shi. Goggo Yelwa kuwa shekara hamsin tana aure ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ɗan fari kuma ko kallonsa ba ta cika yi a gaban mutane ba. Da Haladu ya matsa mata sai ta rufe fuska da gefen zane ta tambaye shi ko abin da ake koya musu a can ke nan.

Dakta ya duba aikin, ya ja tsaki, ya rubuta talatin da tara.

Haladu ya durƙusa ya yi bayanin kunyar da kowa ya sani a ƙasar nan. Ai shi ma Dakta ɗan fari ne, haifaffen Ɗanzomo, kuma har gobe "yaron nan" mahaifiyarsa take ce masa. Amma wata tara a Ingila ba wasa ba ne, yana wanke abubuwa da yawa daga kan mutum.

"Kimiyya ba ta san kunya ba," in ji shi. "Gurbi gurbi ne. Matsalarku ita ce ba ku iya tambaya ba. Gobe zan je da kaina, in nuna muku yadda ake zare magana daga bakin tsohuwa kamar zare daga kwarkwaro."

Aka ɗunguma zuwa ruga. Dakta ya sa kwat, ya ɗauki rikoda, ya zuba mata baturan rediyonsa waɗanda ya kwashe mako biyu yana jin labaran Turanci da su. Ya kori ɗalibai can gindin wata tsamiya, wai kada numfashinsu ya gurɓata bincike. Daga nan suka riƙa hango shi zaune a kan turmi, Goggo Yelwa a kan tabarma tana gyaran ƙwarya. Abin da aka ce ba su ji ba. Sun dai ga bakinsa yana motsi, hannunsa yana nuna gabas da yamma, har inuwar tsamiya ta bar su suka matsa. Bayan kusan sa'a guda ya taso yana share gumi, ya ce ya samo abin da zai girgiza masana, sai ya natsu zai saurara. Ya miƙa wa wata ɗaliba, Safara'u, kaset ɗin ya ce ta adana. Ta kuwa adana shi a kwalin sabulun da ake tara na ɗalibai, domin shi kaɗai ne kwalin da ake da shi.

Kwana biyu bayan haka shugaban sashensu, wani dattijo marar hayaniya da ake kira Farfesa Ɗantsoho, ya iso Gumel don ya sa hannu a sakamako. Haladu kuwa ya riga ya ɗaure akwatinsa, yana ta saƙa yadda zai kalli mahaifinsa.

Dakta ya ga dama ta samu ta nuna wa shugabansa irin tsananin da yake yi. Ya tara kowa a aji, ya sa sababbin batura a rikoda, ya ce zai zaro kaset ɗaya ido rufe ya yi masa hukunci a bainar jama'a. Kaset ɗin ɗalibai lamba ce a jikinsu, ba suna ba. Wanda ya zaro ko lambar babu. Ya ce an fara da laifi tun ba a kunna ba, ya zabtare maki goma.

Ashe abin da aka ɗauka da mataccen batur, in aka kunna shi da sabo, gudu yake yi. Sai ga wata siririyar murya ta cika ajin, tana zuba kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Minti biyar, minti goma, babu numfashi, babu tambaya, babu muryar kowa sai ita. Can aka tsinci "lokacin da nake Ingila" ta gifta a guje.

Dakta ya buga tebur.

"Kun ji ko? Har kwaikwayona yake yi, kuma bai iya ba. Ranka ya daɗe, ka ga irin abin da nake fama da shi. An aike shi ya saurari dattijo, ya je ya mai da dattijo ɗan kallo. Wannan ba ɗalibi ba ne, gangar biki ce. Mai wannan kaset bai san komai ba, kuma ba zai taɓa sani ba, domin bakinsa ya toshe masa kunne."

Ɗalibai suka sunkuyar da kai. Safara'u ta cusa gefen gyalenta a baki, kafaɗunta na rawa. Dakta ya ɗauka tsoro ne, abin ya ƙara masa daɗi. Ya zaro jan biro ya rubuta huɗu a jikin kaset, ya zagaye ta sau biyu, ya ce ko Haladu da ya bar gurbi ya fi wannan sau goma.

Farfesa Ɗantsoho ya ɗago kai a karo na farko. Ya tambaya ko sau goma aka ce. Dakta ya ce ƙwarai, kuma shi ba ya magana biyu. Farfesa ya ce to huɗu sau goma arba'in ke nan, ya jawo takardar sakamako, ya soke talatin da tara, ya rubuta arba'in a gaban sunan Haladu, ya miƙa wa Dakta ya sa hannu. Ya sa, don babu hanyar janyewa. Haladu ya kifa kai a kan benci, hawaye na zuba, bai damu da wanda ya gani ba.

"Saura mai wannan abin kunya," in ji Dakta. "Ya tashi tsaye in gan shi."

Babu wanda ya motsa. Rikoda tana ta juyi, har siririyar muryar ta tsaya shan iska. Sai ga muryar wata tsohuwa, wadda da ma a hankali take magana, don haka gudun kaset ya mai da ita daidai, kowa ya ji ta tar.

"Kai Ilu, ashe har yau surutun nan bai sake ka ba? Tun ina kai wa uwarka nono a Ɗanzomo haka kake. In ka gama ka ɗaga mini turmina, zan yi daka."

Farfesa Ɗantsoho ya dubi kaset, ya dubi jar huɗun da ke jikinsa, ya dubi Dakta, wanda da ma shi kaɗai ne a tsaye a ajin.

"Malam Ilu," ya ce, "a bar makin haka, ko kana da ƙorafi?"