Yadda Ake Leƙa Fuskar Mutane a Kwamfutar Jika, a Mayar da Kaya Inda Suke

Ke 'yar'uwa mai jika mai shagon hoto, matso kusa. In kika bi abin da zan faɗa miki, kafin la'asar kin san ainihin fuskar kowa a layinku. Tabbas ne, da hannuna na gwada.

1. Ki samu kujera

Ki ce masa zaman gida na riƙe miki ƙafa. Nawa jikan, da nake kira Maigida, ya ajiye min kujerar roba a bayansa da sharaɗi: "Tsohuwa, kallo kawai. Ran da kika taɓa min kwamfuta, kin bar shagon nan." Ki ce to. Kada ki yi wasa da kujerar nan, duk labarin unguwa ta gabanta yake wucewa.

2. Ki yi gyangyaɗin ƙarya

Ido ɗaya a rufe, ɗaya yana aiki. A gefen hoton da ke kan kwamfutar akwai jeren kayan aiki: na goge ƙuraje, na rage tumbi. A ɗaya gefen akwai 'yan akwatuna, ɗaya cike da ƙananan idanu. In aka danna ido, gyaran ya tashi, mutum ya fito yadda Allah Ya yi shi. Shi muke nema.

3. Ki aike shi kemis

Ki dafe kai, ki ce hawan jini. Yana fita, ki hau kujerarsa, ki danna. Matar tela, mai ce mana ita ko hoda ba ta shafawa? Hmm. Mai gidan hayarmu kuwa, ashe sumar hotonsa aro ce.

4. Dannawa ake yi, ba ja ba

Nan dariya ta ci amanata. Hannu ya goce, akwatin idanu ya taso daga mazauninsa ya zauna a hancin matar tela. Na ja shi, jeren kayan aiki ya biyo baya. Gwiwar hannuna ta taɓa wani maɓalli, komai ya ɓace fat, sai matar tela kaɗai tana harara ta. In haka ta same ki, kada ki hura wa kwamfuta iska. Ba ta ji.

5. Ki nemo maƙwabci mai son gulma

Na leƙa na yafito mai gyaran waya. Ya ce, "Inna, akwai wurin da ake dannawa can sama, komai ya koma yadda ya zo daga kamfani. Amma sai na ga sanƙon mai gidan haya." Ya gani, ya danna. Kaya suka jeru tsaf, har sun fi da kyau.

6. Ki koma gyangyaɗinki

Maigida ya dawo da magani, ya zauna, ya kai hannu inda ya saba, babu komai. Ya juyo a hankali.

"Tsohuwa, wa ya sauya min gefen kaya?"

"Wataƙila wuta ce ta yi wasa."

"Wutar ce ta manta ni bahago ne?"

Kin ji! Ni da na sha doke masa hannu yana yaro don ya daina cin abinci da hagu, na manta. Ashe tuntuni ya juya komai yadda hannunsa ya saba, kamfani kuwa ba ruwansu da bahago.

7. Kada ki roƙa

Ya ɗauki kujerata ya nufi ƙofa. Na gyara mayafi na ce, "Fitar da ita, angona. Sai dai in na zauna a ƙofar gida ba aikin yi, bakina ba shi da murfi, kuma na ga abin da na gani. Ka san masu zuwa hoto da gudun magana."

Ya tsaya da kujera a hannu, yana kallona kamar yau ya fara ganina. Sannan ya dire ta a cikin shago, amma fuskarta na kallon bango. Har magariba yana jan akwatuna yana tsaki, ya adana tsarinsa a kwamfutar da suna don gaba. Ni kuwa bangon nan akwai madubin masu gyara ɗankwali. Komai ina gani.

Gargaɗi: in aka kore ki, ko jikanki ya daina gaishe ki, ko matar tela ta biyo ki da almakashi, ba ki san ni ba, ban san ki ba. Ni tsohuwa ce, ko kunna kwamfuta ban iya ba.