Haƙorin da Ya Sake Tsirowa

Duk wanda ya ce muku bai san Nomau Wanzam ba a garinmu, ku ce ya buɗe baki, za ku tarar haƙoransa na nan cif-cif. Sauranmu kuwa kowa yana yawo da shaidar hannunsa. Aski yana yi, ƙaho yana yi, amma inda ya yi suna shi ne cire haƙori. Ka je masa da ɗan tsamin da ruwan randa ya jawo, kafin ka gama bayani ya zuge zabira ya zaro awartaki, ya sa ƙarti biyu su danne ka. Maganarsa ɗaya ce tun muna samari: haƙori in ya fara ciwo zamansa ya ƙare, kuma duk namijin da ya je asibiti a lallaɓa masa haƙori rago ne.

Wanda ya fi kowa shan hannunsa shi ne Bawale mai rake, sa'ansa kuma abokin tsokanarsa tun suna yara. Nomau ya bi haƙoran bawan Allahn nan ɗaya bayan ɗaya, har ya bar masa 'yan ƙalilan a gaba don gaisawa da jama'a. Ku duba fa, mutum yana sayar da rake a bakin tasha, raken Maƙarfi mai ruwa, amma sai dai ya fere wa wasu ya zauna yana kallo. In kwaɗayi ya ishe shi ya daddatsa ƙanana ya tsotsa. Da dariya yake ba da labarin, amma ni na san abin yana ci masa rai.

Ana nan sai abin ya zagayo kan mai awartaki. Wani haƙori ne a sama ta dama, kuma shi ne madogarar Nomau, don na hagu sun daɗe da yin sallama da shi. Ga shi Allah ya yi shi da son nama, kuma sana'arsa ta nama ce, duk gidan da aka yi suna da kasonsa. In wannan haƙori ya tafi, shi da nama sai kallo.

Ya sa kanumfari, ya kurkure da gishiri da ruwan ɗumi, ya tofa abin da ya sani. Ina! Kumatu ya tashi kamar ya ɓoye goruba a ciki. Haka ya zo majalisarmu da ke bakin shagona na ɗinki, yana zaune yana gyaɗa kai, ko sallama da ƙyar yake amsawa.

Ranar Bawale ko rake bai tsaya sayarwa ba. Ya jawo benci ya zauna dab da shi ya ce, “Nomau, kawo awartakin nan. Na daɗe ina ganin yadda ake yi. Daga ƙasa dai nake kallo, amma wallahi na iya.”

Nomau ya harare shi da ido ɗaya ya ce, “Ni za a danne? Da hannuna zan cire abina, a gaban madubi, ku kuma ku ji labari.”

Washegari da sassafe sai ga shi a ƙofar gidana, ya naɗe fuska da rawani sai ido kawai. Ya ce, “Tela, tayar da babur ɗinka, Zariya za mu.” Na ce lafiya? Ya ce asibitin haƙori. Sai da na dafa bango don dariya. Ya sa na yi masa rantsuwa ba zan faɗa wa kowa ba, kuma Allah ya sani ban faɗa ba. Bakinsa ne ya tona shi, ba nawa ba.

Likitar da muka samu yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba, ana ce mata Likita Murjanatu. Ta duba, ta ɗauki hoton haƙorin, ta nuna masa a jikin allo. Ta ce, “Baba, ruɓar ta ci har ciki, ta kai ga jijiya, shi ya sa ba ka iya barci. Amma saiwarsa da ƙarfinta. Ba sai an cire ba.”

Nomau ya yunƙura ya ce, “Sake faɗa, 'yata.”

“Ba sai an cire ba. Zan huda shi ta sama, in kwashe ɓargon da ya ruɓe, in wanke ramin har ƙasan saiwa, in cike shi, daga baya a sa masa hula. Haƙorinka na nan, ciwon ne zai tafi.”

“Wato yasa za a yi masa, kamar rijiya.”

“Kusan haka, Baba.”

Ya hau kujera, ta kwantar da ita. Da ya ga allura sai ya waiwaya hagu da dama ya ce, “To su wa za su danne ni?” Ta ce nan ba a danne kowa. Duk da haka ya damƙi hannuna, irin damƙar da sai da na kwana biyu ban riƙe almakashi daidai ba. Mutumin da yake ce wa mutane su yi ta maza ke nan. Allura ta shiga, gefen fuska ya mutu, ɗan inji ya fara kuka a bakinsa. Daga nan ta ɗauko wasu 'yan ƙarafa sirara, ba su kai kaurin allurar kekena ba, tana zurawa tana murzawa tana fitarwa a hankali. Nomau ya runtse ido yana jiran azabar da ya saba bai wa mutane, har aka yi nisa ba ta zo ba.

Tana cikin aiki ta tambaye ni daga ina muke, na faɗa mata. Sai ta girgiza kai ta ce, “Ai mutanen garinku na zuwa nan, kowa da giɓi. An ce wani wanzami ne can, haƙori ko tari ya yi sai ya cire shi. Wallahi da yawa da sun zo nan tun farko, da haƙoransu na bakinsu.” Ta zare hannu ta dube shi ta ce, “Baba, ka san shi?”

Nomau, baki a karkace, miyau na zuba, ya ce, “Sama-sama.”

“Allah ya shirye shi.”

Ya ce, “Amin.”

Ni dai na fita waje, don in na tsaya za a kore ni.

A ranar ciwo ya ɗauke. Da la'asar sai ga Nomau a majalisa yana taku ɗai-ɗai, ya zauna ya gyara riga ya fara cika baki. Wai ya tsaya gaban madubi, ya kama, ya murɗa, ya fizge, ko uhm bai ce ba. Aka ce ina haƙorin? Ya ce ya jefa a masai. Aka ce buɗe mu ga gurbin. Ya ce iska za ta shiga. Jama'a suka yi ta jinjina masa, har Bawale ya ce gaskiya namiji namiji ne. Ni kuwa na duƙufa a kan keke ina ɗinke aljihun da na riga na ɗinke.

Sai dai aikin ba na zuwa ɗaya ba ne, dole a koma. Duk komawa sai Nomau ya ce ta'aziyya za mu Zariya. Da abin ya maimaitu Bawale ya ce, “Kai Nomau, dangin nan naka na Zariya ku kai su asibiti mana, kar su ƙare.”

A zuwan ƙarshe aka sa hula, nan kuma wata rigimar ta taso. Nomau ya shekara arba'in yana cin goro, haƙoransa jajur suke kamar an rina. Da aka miƙa masa madubi ya ga abu fari tas a tsakiyarsu, sai ya ce, “'Yata, ba ku da ja?” Ta ce, “Baba, mafi duhu a cikin abin da muke da shi na ɗauko maka.” A hanya ya sa na tsaya ya sayi goro, ya dinga taunawa ta dama yana goga tuƙar a jiki da yatsa. Hula ta ƙi karɓar rini. Tun daga ranar ya koma magana da rabin baki, in dariya ta zo masa ya tare da hannun riga.

Haka aka yi ta tafiya har ranar sunan jikan Liman. Nomau ya yi wa jariri aski, aka fito wa majalisa da tire guda na soyayyen naman rago, aka zauna a inuwa. Bawale aka zuba masa romo da 'yar hanta a kwano, don ita ce daidai ƙarfinsa. Ku sani, wanda ba shi da haƙori ba abin da yake kallo a wurin cin nama sai bakin mutane. Nomau ya samu tsoka mai jijiya, ya manta da kansa, ya tura ta dama yana ta aiki. Ana cikin haka ladan ya ba da labarin yadda akuya ta bi shi har cikin masallaci, Nomau ya kece da dariya, hannu biyu duk maiƙo, ba damar tarewa. Baki ya buɗe har ƙarshe.

Bawale ya ce, “Tsaya! Nomau, kar ka rufe. Mene ne wancan fari?”

“Ƙashi ne ya maƙale.”

“Ƙashi ne ya bi sahu ya tsaya daidai da 'yan'uwansa? Ba nan ne gurbin da iska za ta shiga ba?”

Na duba fuskokin da ke zagaye da tiren nan, fiye da rabi Nomau ya taɓa sa an danne su. In ya ce asibiti, zabirarsa ta mutu a garin nan, kuma ba lallai ya tashi daga wurin da rawaninsa a kai ba. Gumi ya keto masa. Ya dube ni, na dubi takalmina. Wallahi har ya ba ni tausayi.

Amma Nomau Nomau ne. Ya haɗiye naman, ya goge hannu, ya yi gyaran murya ya ce, “To, tunda kun gani. Da ma gudun bakin mutane ya sa na yi shiru. Sabo ne ya tsiro.”

“Ya tsiro? Da furfurarka?”

“Hannu ne, Bawale, hannun gado. In hannu mai albarka ya cire haƙori, wani ne ke fitowa a gurbinsa.”

Bawale ya ajiye kwanon romo a hankali. Ya juya ya wage wa jama'a baki, dasashi fayau daga wannan kunne zuwa wancan in ban da 'yan ƙalilan ɗin nan na gaba, sannan ya dawo da kallonsa kan Nomau ya ce:

“To mu namu da ƙafa ka cire?”