Yadda Ake Neman Tsofaffin Kuɗi A Bayan Gidan Da Ba Naka Ba

Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ɗaukar maka alkawari ba za ka rasa abin da ka fito nema ba. Ƙasar Ingila cike take da abin da magabata suka yar: kuɗin Rumawa, zobban sarakuna, maɓallan rigunan sojoji. Na'urar gano ƙarfe kowa na iya saye. Sanin inda za ka tsaya da ita shi ne ilimin, kuma shi zan ba ka kyauta. Hujjata ita ce Injiniya Falalu, mutumin Zariya, wanda bai daɗe da shiga harkar ba ya tono abin da ƙwararrun Turawa ba su taɓa tonowa ba.

1. Fara da rasa aikinka

Wannan sana'a tana son lokaci, mai aiki kuwa ba shi da shi. Ka yi sa'a, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, saboda haka wannan matakin ba sai ka wahala ba, za a yi maka shi.

Falalu injiniyan hanyoyi ne a wata ƙaramar hukuma ta yankin Manchester. Wata safiya aka kira shi ofis, aka ba shi shayi, aka yaba masa yabon da bai taɓa ji ba tun da ya fara aiki, sannan aka karɓi katin shigarsa. Matarsa Aishatu ta sami aiki a wani asibiti a Birmingham, sai suka saki gidan hayar da suka daɗe a ciki a Levenshulme, suka koma wani flat a saman shago a Balsall Heath, inda ko tukunyar fure ba ta da wurin zama. 'Yarsu Rabi'a ta yi kuka tun daga Stockport Road har suka sauke kaya. Shi kuwa Falalu ya wayi gari da lokaci fal, har ba ya sanin inda zai zuba shi.

2. Samo dalilin da ba za ka iya faɗa wa kowa ba

Mai tono don nishaɗi, ruwan sama na farko ke korarsa. Kai nemi dalili mai nauyi, wanda idan aka tambaye ka za ka kama tari.

Lokacin da aka haifi Rabi'a, mahaifiyar Falalu, Hajiya Kulu, ta aiko da umarni daga Zariya: idan cibiyar jaririya ta faɗi, a binne ta a cikin gida, kada a jefa a shara kamar ba ta da dangi. Ta haɗo da tsohon kwabo mai huji na zamanin aurenta, ta ce a sa tare. Falalu ɗa ne mai biyayya, kuma injiniya ne. Ya naɗe cibiyar a farin ƙyalle, ya sa ta da kwabon a gwangwanin alawa saboda kada dilan garin nan ya tone, ya binne a gindin wata bishiyar tuffa da ke bayan gida. Ranar tashi ya tuna da firji, ya tuna da labule, ya manta da gwangwani.

Yanzu Rabi'a ta kai shekara goma sha biyar, kuma duk Hausarta a waya ba ta wuce "lafiya lau" ba. Ko an tambaye ta sunan makarantarsu, lafiya lau. Hajiya ta yi nazari ta gano ciwon. Ta ce yaushe yarinya za ta ji maganar gida alhali an bar cibiyarta a hannun baƙi? A tono, a kawo Zariya, a binne kusa da ta ubanta, tun tana da ran da za ta gani da idonta. Falalu ya ce to. Bai taɓa ce mata wani abu ban da to ba.

Ka ga dalili ke nan. Gwada ƙwanƙwasa ƙofar Baturiya ka ce mata ka binne wani yanki na jikin 'yarka a lambunta, ka ga ko za ka ƙarasa jimlar kafin motar 'yan sanda ta iso.

3. Sayi na'ura, ka koyi kukanta

Sayi ta hannu. Sabuwa ta masu fansho ce. Ka toshe kunnuwanka da abin sauraro, ka riƙa kaɗa ta a hankali bisa ciyawa kamar mai sharar masallaci.

Falalu ya yi atisayensa a wani fili a Perry Barr. Doka ta hana tono a irin wuraren, amma mai gadin da zai hana shi an riga an ba shi nasa shayin. A nan ya gane cewa tarihin Ingila, yawancinsa, marfin gwangwanin giya ne. Ya kuma haɗu da wasu tsofaffin Turawa masu wannan harka, suka karɓe shi hannu bibbiyu, suka koya masa cewa na'ura mai kyau tana raina gwangwani, ana saita ta ne ta yi watsi da tarkace ta nemi azurfa. Falalu ya tambayi yadda ake saita ta ta nemi gwangwani kaɗai. Suka dube shi da tausayi, ɗayansu ya miƙa masa biskit.

4. Bincika tsofaffin taswirori

Masana sun ce a je laburare a nemi inda aka taɓa cin kasuwa ko aka yi mashigin ruwa. Ka je. Idan ka tarar a buɗe, ka yi alwala ka yi nafila.

Falalu bai buƙaci taswira ba, ya san adireshin a ka. Abin da ya tashe shi tsaye kiran abokinsa Halliru ne, akawun da har yanzu ke zaune a Levenshulme. Halliru ya ce ya wuce ta tsohon gidan ya ga buhunan siminti jibge a ƙofa. Wai matar da ta sayi gidan, wata tsohuwa mai suna Alice, gwiwa ta hana ta yankan ciyawa, ɗanta zai malale bayan gidan gaba ɗaya a ƙarshen mako. Falalu ya san siminti fiye da kowa. Da shi ya ci abinci shekara da shekaru, kuma ya san ba ya mayar da abin da ya haɗiye.

5. Nemi izinin mai fili, amma kada ka je kai kaɗai

Baƙin mutum da shebur a ƙofar tsohuwa labari ne na jarida. Baƙin mutum da shebur da 'yar makaranta a gefensa, aikin tarihi ne. Tafi da wanda harshensa ya yi kama da na unguwa.

Falalu ya ce wa Rabi'a ta raka shi Manchester. Bai faɗa mata dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba, ta riga shi shiga mota. Da Alice ta buɗe ƙofa, ya karanto abin da ya haddace a hanya: bincike ya nuna wata hanyar Rumawa ta bi ta ƙarƙashin lambunta. Alice ta ƙura masa ido. Sai Rabi'a ta leƙa ta bayansa ta ce, da Turancinta na 'yan Manchester, ashe ba a canja fentin matakala ba, a ɗakin sama na hagu ta girma. Nan take tsohuwa ta saki fuska, ta ɗora ruwan shayi. Amma ta kafa sharaɗi, don ta gani a talabijin: duk abin da aka samu, rabi nata ne.

Ka amince. Mai neman izini ba ya jayayya da talabijin.

6. Tona inda ta yi kuka

Bishiyar tuffa an sare ta, ko kututture babu. Falalu ya kaɗa na'ura daga katanga zuwa katanga. Ya tono ƙusa, ya tono cokali, ya tono wata 'yar motar wasa da Rabi'a ta ce tata ce, ta goge ta sa a aljihu. Gumi ya jiƙa shi cikin sanyin nan, don ya fara tunanin abin da zai ce wa Hajiya. Can kusa da magudanar ruwa na'ura ta ƙwala ƙara. Ya durƙusa ya ajiye shebur, ya ci gaba da yatsu.

Gwangwanin ya yi tsatsa, amma bai huje ba. Kada ka manta injiniya ne ya binne.

7. Raba ganima da adalci

Nan ne masu koyo ke tuntuɓe. Falalu ya so ya zura gwangwanin a jaka ya ce tarkace ne, amma Alice na tsaye a kansa da kofi a hannu tana jiran rabinta. Dole ya buɗe. Ta ɗauki kwabon ta juya shi, ta ga huji, ta ga kambin sarauta, ta ga rubutun Larabci, ta ce ba ta san Rumawa na da wannan ba. Sannan ta nuna ƙyallen ta tambayi mene ne a ciki.

Ƙarya ta ƙare masa. Ya faɗi komai, kansa a ƙasa, yana jiran a ɗauko waya a kira 'yan sanda. Alice ta zauna a kan buhun siminti. Ta ce haƙoran ɗanta na yarinta suna cikin wata kwalba a durowarta, ga shi yanzu har ya yi sanƙo, kuma ba ta taɓa gaya masa ba. Ta ce ta yafe rabinta.

Rabi'a ce ba ta yafe ba. Ta karɓi ƙyallen ta warware, ta daɗe tana kallon ɗan busasshen abin da bai kai ƙwayar dabino ba. Ta tambayi me ya sa ake binnewa, ya ce don yaro ya san gidansu, kome nisan da ya yi. Ta tambayi ina za a kai, ya ce Zariya, wurin kakarta.

"Abba, sau ɗaya na taɓa zuwa Zariya," in ji ta, rabi da Hausa rabi da Turanci. "Ka ɗauke ni daga nan ba ka tambaye ni ba. Wannan kam nawa ne. Please, ka mayar."

Falalu ya ji haushi, ya ji kunya, sannan ya ji wani baƙin ciki da ya fi su duka, don ya lura wannan ce Hausa mafi tsawo da ta taɓa yi masa. Ya dubi Alice ko za ta cece shi da wata doka. Tsohuwa ta ce ita ba ruwanta, siminti dai za a zuba shi ranar Asabar, ko da gwangwani ko babu.

Ya mayar. Rabi'a ce ta tura ƙasa da hannunta, shi ya daddanna da ƙafa.

8. Kai rahoto ga hukuma

Doka ta ce duk wanda ya tono abu mai daraja ya sanar da hukuma. Falalu ya tsaya a gefen hanya kafin su hau babban titi, ya kira Zariya.

"Injiniya, an samo?" in ji Hajiya.

"An samo, Inna. Yana nan yadda na sa shi. Amma ta ce a bar mata a can, can ne gidansu. Na bar mata."

Ya ƙara danna wayar a kunnensa. Yana jin kukan awaki daga tsakar gidan da aka haife shi. Daga baya ta ce a ba ta yarinyar. Rabi'a ta karɓi waya ta ce lafiya lau tun ba a tambaye ta ba.

"To," in ji Hajiya. "Allah ya sa ƙasar ta riƙe min ke amana."

Rabi'a ta rufe bakin wayar ta tambayi ubanta me ake nufi da amana. Ya buɗe baki zai fassara, sai ya fasa, ya tada mota.

Hattara

Mai wannan jagora ba shi da alhakin ramukan da ka bari a lambun mutane, ko ciwon baya, ko tambayoyin 'yan sanda. Na yi alkawarin za ka samu, ban yi alkawarin za ka tafi da shi ba. Idan kuma ka tona ka tarar 'yarka 'yar wani gari ce, kada ka neme ni, ba ni na kawo ka Ingila ba. Mai buƙatar na'ura ta hannu ya tuntuɓi Falalu a Balsall Heath. Ya ce ba sai an taya ba, a zo kawai a ɗauke masa ita daga bayan ƙofa.