Rasuwar Sabuwa, Fijon Ɗaliban Hayyin Ashir

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai wanda kunya ta hana ɗagowa, Malam Ukasha Ɗanmalam na Hayyin Ashir, ɗalibin hadisi a shekararsa ta ƙarshe, yana sanar da 'yan'uwa mazauna Alƙahira da waɗanda suka riga suka koma gida rasuwar Hajiya Sabuwa, Fijo 404 mai launin madara, wadda rai ya yi wa halinsa a farfajiyar wani ofishin rajistar motoci a bazarar shekara ta 2003. Ba hatsari ta yi ba, ba kuma tsufa ne ya kashe ta ba, ko da yake tsufa kam ta tsufa. Da ƙafarta ta tafi, injinta na tashi lafiya lau. Mai wannan sanarwa ne ya tuƙa ta ya kai ta, don yana so a rubuta sunansa a takardarta, ya dawo gida ba mota ba suna.

An haifi marigayiyar a ƙasar Faransa tun kafin a haifi yawancin masu kukanta. Ta yi ƙuruciyarta a hannun wani likita Bamisire, daga nan ta koma gidan Mista Jesse, ma'aikacin ofishin jakadancin Najeriya, mutumin Kagoro, wanda ba ya wuce ɗan ƙasarsu a hanya bai tsaya ba. A shekarar 1991 da aka mayar da shi gida, ya kawo ta Hayyin Ashir ya ajiye, ya ce ya gaji da ganin ɗalibai suna tallabe da marar lafiya a bakin titi suna roƙon tasi. Ranar wani ya yi shewa ya ce an yi mana sabuwar mota, sunan kuwa ya bi ta har ƙarshen rayuwarta. Laƙabin Hajiya kuma ta same shi ne saboda yawan alhazan da ta kai filin jirgi, ita kanta ba ta taɓa wuce ƙofar filin ba.

Ba a sayar da Sabuwa, wannan kowa ya sani. Wanda take hannunsa idan ya gama karatu, sai ya kira shaidu biyu, a dafa shayi, a shafa fatiha, ya damƙa makulli ga wani magidancin ɗalibi da zai rage a baya. Haka ta fito daga hannun Mista Jesse zuwa Malam Imran, daga Malam Imran zuwa Malam Ya'ƙub, daga Malam Ya'ƙub zuwa Malam Ukasha. Wanda ke jiran gado a bana shi ne Malam Sanusi na unguwar Hay el-Sabi', mai mata da 'ya'ya uku, wanda har ya fara koyon tuƙi a ɓoye don kada ranar ta zo ya ji kunya.

Takarda ɗaya tal ta taɓa mallaka, ta wakilci, wadda Mista Jesse ya bari don a riƙa sabunta mata lasisi da sunansa. A zamanin Malam Imran famfon maƙwabcin sama ya fashe, takardar ta sha ruwa, aka shanya ta a rufin gida, iska ta yi gaba da ita. Can kuma labari ya zo cewa Mista Jesse ya rasu, aka ce ai ko da takardar tana nan, wakilci ya mutu tare da mai bayar da shi. An yi juyayin Mista Jesse sosai, amma babu wanda ya yi juyayin takarda. Mutanen da suka saba karɓar ilimi baki da baki daga amintattu ba su ga abin da wata fallen takarda za ta ƙara wa mota ba. Tun daga nan Sabuwa ta daina hawa manyan tituna, ta koma bin lunguna tsakanin gida da masallaci da asibiti da kasuwar kayan miya.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri. Ta ɗauki masu naƙuda, ta ɗauki amare, ta ɗauki buhunan littattafai da ragunan layya, wani lokaci duka a tafiya ɗaya. Ba ta da girman kai, ko ɗalibin da ya sauka jiya da akwatin kwano tana karɓarsa. Aibinta guda, ba ta tashi sai an lallashe ta. Da safe za ta ce "kyar, kyar, kyar," ta yi shiru kamar mai tunani, ta sake cewa "kyar, kyar," sai a karo na uku ko na huɗu ta ce "ɓurrum" da muryar da ke tayar da bene guda. Ƙofarta ta baya idan aka buɗe takan ce "ƙiiiy," kuma matan unguwa sun ce da wannan kukan suke gane mazajensu sun dawo. Hon ɗinta ya daɗe da dushewa, abin da ya rage masa bai fi tarin tsohuwar akuya ba.

Ta yi babbar jinya sau ɗaya, a 1997, lokacin da tsatsa ta cinye mata shasi, wato ƙarfen da duk gangar jikin mota ke zaune a kai. Aka ja ta da igiya zuwa unguwar Ard al-Liwa wurin Usta Abakar mai walda, Bahaushen Sudan. Ya yanke ruɓaɓɓen gaban, ya samo na wata matacciyar tasi ya haɗa mata, aiki mai kyau wanda ko tabo ba ka gani sai ka kwanta a ƙasa. Ruɓaɓɓen kuwa aka ba mai sayen tsofaffin ƙarafa. A jikin wannan guntun ƙarfe ne lambar haihuwarta take, wato lambar shasi, amma ranar murna ake yi ta warke, babu wanda ya duba.

Ciwon ajalinta ba a jikinta ya fara ba, a zuciyar Malam Ukasha ya fara. Da karatu ya zo ƙarshe ya ga ranar miƙa makulli tana matsowa, sai ya ji ba zai iya ba. Yana son motar nan so na gaske, wannan ba a ƙaryata shi. Yana kuma hango kansa yana shiga Gusau a cikinta, rawani a ka, takardar shahadar karatu a hannu, mutane suna cewa ga malamin da ya dawo daga Masar da motarsa. Jirgin ruwa kuwa ba ya ɗaukar mota sai da takardar mallaka. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa Husseina, wadda a lokacin take da tsohon ciki.

"Malam, motar jama'a ce fa," in ji ta. "Malam Sanusi yana jira."

"Takarda kawai zan gyara mata. Laifi ne baiwar Allah ta samu takarda?"

"Tamam, na ji. To in an gyara, sunan wa za a rubuta?"

Sai ya tuna bai yi nafila ba, ya tashi ya shiga ɗaki.

Ranar da abin zai faru ya wanke ta tas, ya goge fitilunta, ya sa jabba da rawani. Husseina ta shiga baya don an ce daga can za a wuce awo. Malam Sanusi da ya ji za a je gyara wa Sabuwa takarda ya ce wallahi da shi za a yi wannan aikin lada, shi ne ma ya tura ta da ta ƙi tashi a ƙofar gida. Haka suka hau babban titi, karo na farko cikin shekaru, tana tafe tana rangaji kamar amarya.

A ofis, jami'in ya miƙo hannu ya ce takardu. Malam Ukasha ya gyara tsayuwa, ya saki Larabcin littafi, ya ce ya karɓe ta ne daga Ya'ƙub, shi kuma daga Imran, shi kuma daga Jesse, shi kuma daga likita, dukansu mutane ne amintattu da ba a taɓa kama su da ƙarya ba, kuma kowane ɗaya ya haɗu da na gabansa ido da ido.

Jami'in ya ajiye alƙalami. "Ya maulana, mota ka kawo mini ko hadisi?"

Aka yi dariya har da masu jiran layi. Jami'in ya tambaye shi me ya sa sai yau yake neman takarda, shi kuwa ya amsa da cewa yana so ne ya tafi da ita ƙasarsu. Da Larabci ya faɗa, a ransa wai ya ɓoye magana. Ya manta cewa mutumin da ke tsaye a bayansa nahawu ya zo karanta a Masar. Malam Sanusi ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

Sai mai duba motoci ya zo da farar takarda da fensir, ya buɗe gaba, ya ɗora takardar a kan lambar shasi ya goga har lambar ta fito. Ya shiga ciki, ya daɗe, ya dawo fuskarsa ba dariya. Lambar ta wata tasi ce da aka soke daga rajista tun shekarun baya, ga kuma sawun walda a ƙasa. A wurin hukuma, motar da ke tsaye a gabansu tana huci ta riga ta mutu, wadda kuma aka haifa da sunan Sabuwa babu alamar ta taɓa zuwa duniya.

Jami'in ya ja Malam Ukasha gefe, amma ba nesa yadda Husseina da Malam Sanusi ba za su ji ba. Ya yi masa magana a hankali, da tausayi ma. Ya ce canza lambar shasi babbar magana ce. Idan motar tasa ce, za a buɗe bincike da sunansa, a riƙe fasfo, kuma shi bai san abin da zai sami iƙamarsa ta zama a ƙasa ba, balle jarrabawarsa. Idan kuwa ba tasa ba ce, motar za ta zauna a hannun hukuma a matsayin wadda ba ta da mai ita.

"Sau ɗaya zan tambaye ka, ya maulana. Taka ce?"

Malam Ukasha ya dubi matarsa da cikinta, ya tuna shekarun da ya kwashe yana haddace sunayen maruwaita, ya auna abin da zai rasa. Har nan babu mai ganin laifinsa, kowa ya san iƙama ba abin wasa ba ce. Da ya ce a'a ya yi shiru, da an fahimce shi. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Wallahi ba tawa ba ce. Ban ma san ta ba." Babu wanda ya nemi ya rantse. Shi ya ƙara da kansa, da rawaninsa, kuma ya fi duk waɗanda ke wurin sanin abin da littattafai suka ce a kan irin wannan rantsuwa.

Husseina ta buɗe ƙofar baya ta sauko da ƙyar, ƙofar ta ce "ƙiiiy." Wani ɗan sanda ya karɓi makulli ya shiga ya murɗa. Sabuwa, wadda ba ta taɓa tashi a bugu ɗaya ba tun da aka san ta, ta ce "ɓurrum" nan take, ta bi shi zuwa bayan gini ba gardama. Wannan ne sautinta na ƙarshe da iyalinta suka ji.

A bas suka koma, a tsaye. Sai da suka kusa Hayyin Ashir Husseina ta yi magana, ba ta ko kalle shi ba: "Malam, ashe duk shekarun nan motar da ba ka sani ba kake saka ni a ciki." Malam Sanusi da zai sauka ya kama hannunsa ya ce, "Ma'alish, ba komai, Malam. Khalas, ya wuce." Har yau babu wanda ya ji labarin Gusau daga bakin Malam Sanusi, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo. Shi ya sa mai sanarwa ya ce a rubuta shi a nan kowa ya karanta.

Marigayiyar ta rasu ta bar tayar safaya guda a ƙarƙashin gadon Malam Ukasha, da jak, da igiyar ja, da dutsen da ake sa mata a ƙafa idan an ajiye ta a gangara. Ta bar yaran da aka kusa haifa a kujerarta ta baya, wasu yanzu suna makaranta. Ta bar masu ciki huɗu a unguwa, cikinsu har da Husseina, waɗanda idan naƙuda ta zo mazajensu za su koma bakin titi roƙon tasi. Ta bar Malam Sanusi da iya tuƙi ba abin tuƙawa.

An tuntuɓi malaman unguwa, sun ce ƙarfe ba a yi masa salla, ba ya kuma buƙatar a nema masa gafara, mai buƙatar hakan yana nan da ransa. Saboda haka tsarin jana'iza shi ne kamar haka. An sami labari cewa ranar Alhamis mai zuwa za a fitar da ita tare da sauran motocin da ba su da masu su, a miƙa su ga masu yanka ƙarfe. Za a taru bayan sallar azahar a rumfar shayin Fatna, daga nan a hau bas zuwa bakin shingen da take ajiye. Ana roƙon masu zuwa kada su ce wa Malam Ukasha ba laifinsa ba ne, ya ji wannan ya ishe shi. Za a tsaya a bakin waya har a ɗora ta a babbar mota. Mai gadin wurin yakan tambayi duk wanda ya daɗe yana leƙe ko yana da mota a ciki, kuma Malam Ukasha ya ɗauki alkawari a gaban matarsa cewa ranar zai nuna ta da yatsa, ya ɗaga murya ya ce tasa ce, ya san ta. Ya sani sarai cewa yanzu faɗin hakan ba zai jawo masa komai ba, ba zai kuma dawo da ita ba. Duk da haka yana roƙon jama'a su zo su ji, musamman Malam Sanusi.