Rasuwar Zinariya, Motar da Ta Ci Amanar Alhaji Falalu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda rabinsa takaici ne, iyalan Alhaji Falalu Indabawa, dillalin albasa a Mile One da ke Fatakwal, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa Zinariya, wadda ta cika ranar Talata a wani gareji a Inugu.

Marigayiyar 'yar Beljiyam ce, irin motocin nan masu haɗa fetur da batir. Ta shigo gidan Alhaji a shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabo. An shaide ta da kunya: in an tayar da ita ko tari ba ta yi, sai ɗan "tin" kamar cokali ya taɓa kofi. A cunkoson Rumuokoro, inda sauran motoci ke gurnani suna ƙona mai a tsaye, ita sai ta kashe inji ta riƙa silalawa da batir.

A gabanta akwai ɗan allo da ke nuna tafiyar da take yi da lita guda. Kullum kilomita ashirin da huɗu. Saboda allon nan Alhaji ya koyi taka totur kamar mai taka ƙwai, ya haƙura da sanyin mota ya rungumi gumi. Kowa ya shiga sai ya nuna masa: "Duba nan. Wannan ba shan mai take ba, lasa take."

Amma tanki ba ya daɗewa. Allo ya ce ba ta sha, gidan mai ya ce tana sha, Alhaji ya gaskata allo. Zarginsa ya faɗa kan Malam Yahya, amininsa tun suna dakon buhu tare, wanda kan ari motar in zai tarbi kaya a tasha. A gaban 'yan kasuwa Alhaji ya ce masa, "Malam Yahya, in mai kake so ka roƙa, ba sai ka sa tiyo ba." Malam Yahya ya ɗora makulli a kan buhun albasa ya ce, "Alhaji, kwano ɗaya muka ci da kai. Ga makullinka." Bai rufa wata ba ya kwashe kayansa ya koma Kasuwar Ochanja a Anacha.

Ciwon ajali ya kama marigayiyar ranar da ta ɗauki dattawa zuwa Inugu nema wa Hafizu, ɗan Alhaji, aure. Sun biya ta Anacha ɗaukar Baba Isah, yayan mahaifin Alhaji, wanda ya leƙa ya ce, "Falalu, a ƙara mai mana." Alhaji ya nuna allo, allo ya ce man zai kai su har da ragi. A tsakiyar hawan dutsen da ke gab da Inugu jar fitila ta kama, Zinariya ta yi "pii, pii", ta sauke numfashi. Dattawa suka naɗe manyan riguna suka yi ta turi cikin ruwan sama, ashe irinta ba ta tashi da turi. Surukai suka jira har abinci ya huce, suka aiko cewa a sake sa rana.

Bakanike ya gano babban batirinta ya daɗe da sanyi, inji ne ke ɗaukar nauyin shi kaɗai yana zuƙar mai. Ashirin da huɗun nan kuwa tarin lissafin zamanta na Turai ne da maigidanta na fari, ba a taɓa gogewa ba. Da aka goge, aka zuba mai, aka zagaya da ita, sai ta nuna tara. Gaskiyar da ta faɗa ke nan a rayuwarta, daga nan ba ta sake tashi ba.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu da safaya ɗaya, da carbin da ke rataye a madubi, da ango mai jiran sabuwar rana. Ta bar maigidan da ya je har Ochanja ya durƙusa. Malam Yahya ya ba shi shayi ya ce, "Na yafe, Alhaji." Bai ce zai dawo Fatakwal ba.

Za a jawo gawar ranar Asabar, a miƙa ta ga 'yan gwangwan bayan la'asar. Ba za a yi zaman makoki ba, masu ta'aziyya su sami Alhaji a rumfarsa. Mai son ƙofa ko fitila ya yi magana da Hafizu. Allon ne kaɗai ba na sayarwa ba. Alhaji ya ce ba zai bari ya shiga motar wani bawan Allah ba, ya kuma riga ya ari guduma.