Lissafin da Jakin Baba Bai Yarda da Shi Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da jakin Baba ya kunyata ni a gaban rabin ƙauyenmu. Lokacin ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ta Filinge, kaina ya kumbura da fizik, har tafiyata ta sake.

Na je gida lokacin kaka, na tarar Baba zai kai wake kasuwa. Buhu takwas ne, kuma motar masu saye ba ta wuce azahar take kama hanyar Yamai. Shi dai ya saba sawu biyu yake yi da amalanke, huɗu-huɗu. Na ce wannan ai ɓata lokaci ne. Na ɗauko tsinke na durƙusa, na zana amalanke a ƙasa da kibiyoyi, ga nauyi, ga ƙarfin ja, ga ƙaruwar gudu. Lissafi ya nuna jakin zai ja takwas ɗin gaba ɗaya (har da ragowar ƙarfi, in ji ni).

Baba bai yi lakkol ba, wato boko, amma yana ji da ni. Ya kira maƙwabcinmu Malam Idi ya zo ya ga zanen, yana ta murmushi. Malam Idi ya dubi jakin, ya dube ni, ya ce to, Allah ya kai mu lafiya.

Abin da na manta ɗaya ne. A aji, kusan kowane lissafi da “a ɗauka babu gogayya” yake farawa, wato kamar ƙasa ba ta riƙe taya. Ni kuwa na ɗauka ɗin, da zuciya ɗaya.

Kan tsandauri mun tafi lafiya lau, ina bisa buhuna ina ɗaga wa mutane hannu kamar sabon ɗan majalisa. Muna gangarawa rairayin kwari, tayoyi suka nutse. Jaki ya ja sau ɗaya, ya ja sau biyu, sai kawai ya gurfana. Masu zuwa kasuwa suka taru a kanmu, mata da ƙwarya a ka suna dariya har da riƙe ciki. Ni kuma, don tsabar rashin kunya, na fara bayanin cewa lissafin daidai yake, gogayya ce kawai ba a sa ba.

Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a hankali, “To shi jakin, ka gaya mishi babu gogayyar?”

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. A bayana na kwashe buhu huɗu zuwa ƙetaren kwari, ɗaya bayan ɗaya. Mun iske motar har ta tada inji, da ƙyar Baba ya roƙa suka karɓi waken.

Yau ni ke koyar da fizik. Duk sanda na rubuta “a ɗauka babu gogayya” a allo, sai na juyo na gaya wa ɗalibai cewa a takarda kawai ake wannan ɗauka. In a rairayi ne, su fara jin ra'ayin jaki.